Daga Jijiya Zuwa Ɗakin Gwaji: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Ɗibar Jini Don Gano Cututtukan Sauro

A ƙasar Hausa, da zarar jiki ya yi zafi, suna biyu ne ke zuwa bakin kowa: maleriya ko taifot. A je kemis a karɓo magani, in bai sauka ba a ƙara da allura, in ido ya yi ɗorawa a ce shawara ce a jiƙa saiwa. Sau da yawa maleriyar ce kuwa, domin ita ta fi yawa. Sai dai ba ita kaɗai sauro ke ɗauke da ita ba. Akwai wasu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, waɗanda likitoci ke kira bairos, da yake zuba wa mutum idan ya cije shi. Cikinsu akwai zazzaɓin shawara, da denge, da cikunguniya, da Zika, da zazzaɓin Yammacin Nilu, da zazzaɓin Kwarin Rift, wanda makiyaya da mahauta suka fi kamuwa da shi ta hanyar taɓa jini ko ɓarin dabbar da ta kamu. Maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. A kwanakin farko kuma babu likitan da zai iya rantsuwa a kan wacce ce da ido kawai, saboda zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, amai da kasala duk suna zuwa da kama ɗaya.

Cututtukan nan ba na nesa ba ne. A 2016 zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓarke a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, musamman wajejen Cintabaradan. A 2018 cikunguniya ta kwantar da dubban mutane a Kasala ta Sudan, a 2020 ta yi haka a Abeshe ta Cadi. A 2019 zazzaɓin shawara ya tashi daga ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi ya fantsama zuwa maƙwabta. A watan Nuwamban 2023 aka tabbatar da denge a Sakkwato. A duk waɗannan wurare, abin da ya raba zato da gaskiya 'yar kwalba ce mai ɗauke da jinin mara lafiya, wadda aka ɗiba, aka sanyaya, aka naɗe, aka kai ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ingancin sakamakon yakan tabbata ko ya lalace tun kafin kwalbar ta isa hannun masu gwaji. Ranar da aka ɗebi jinin, sanyin da ya samu a hanya, da bayanin da aka rubuta a takardarsa, su ne ke yanke hukunci. Kuma a cikin ukun nan, mara lafiya da 'yan uwansa suna da hannu fiye da yadda suke zato.

Me ake nema a cikin jinin?

Gwajin waɗannan cututtuka kamar bin ɓarawo ne. Ko dai a ritsa shi a cikin gida, ko kuma, in ya riga ya tsallake katanga, a bi sawunsa.

Ritsa shi a cikin gida shi ne gano ƙwayar cutar kanta. Gwajin da ake kira PCR yana neman ɗan ɓurɓushin ƙwayar halittar bairos ɗin, ya riɓanya shi sau miliyoyi har na'ura ta iya ganinsa. Shi ne ya fi kowane gwaji faɗin suna kai tsaye: wannan denge ce, wannan shawara ce. Matsalarsa ita ce bairos ba ya daɗewa a jini. Ga denge, kwana bakwai na farko ne lokacin da ya fi dacewa. Ga cikunguniya kusan mako guda ne. Ga zazzaɓin shawara ana gwada jinin da aka ɗiba cikin kwana goma na farko, amma gwargwadon saurin ɗiba, gwargwadon samun dacewa. Denge tana da wani gwajin na daban mai suna NS1, wanda ke neman wani sinadarin da bairos ɗin ke saki cikin jini, shi ma a makon farko yake aiki.

Bin sawu kuwa shi ne neman makaman da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar cutar. Na farkon fitowa ana kiransa IgM. Yakan fara bayyana daga kwana huɗu zuwa bakwai da fara ciwo, ya zauna kamar wata uku, wani lokaci fiye. Na biyu, IgG, yakan biyo baya ya zauna shekaru. Saboda haka jinin da aka ɗiba ranar farko ta zazzaɓi zai iya nuna bairos amma ba zai nuna IgM ba. Wanda aka ɗiba bayan mako biyu zai iya nuna IgM amma bairos ya riga ya ɓace.

Wannan ne ya sa akan nemi jini sau biyu. Na farko a lokacin da ciwo ke da zafinsa, na biyu bayan mako biyu zuwa uku. Idan aka gwada su tare aka ga makaman garkuwar sun ninka sau huɗu ko fiye, an tabbatar cewa cutar sabuwa ce, ba tsohon tabo ba ne. A nan ne ake yawan rasa mutanenmu. Wanda ya ji sauƙi ya koma gona ko kasuwa ba ya ganin dalilin komawa asibiti a sake huda shi. Alhali jinin nan na biyu, sau da yawa shi ne ke warware abin da na farko ya bari a rataye.

Ranar da zazzaɓi ya fara

Daga bayanin da ya gabata za ku ga cewa tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: yaushe ciwon ya fara? Mai gwaji yana duba wannan ranar ne, ya ƙirga zuwa ranar da aka ɗebi jinin, sannan ya san wane gwaji zai yi da kuma yadda zai fassara abin da ya gani. In aka ce masa kwana uku alhali kwana goma sha biyu ne, zai yi PCR, ya ga babu komai, a rubuta cewa ba a sami cuta ba, alhali mutumin yana da ita.

Amsar da ma'aikatan lafiya suka saba ji ita ce “an ɗan kwana biyu” ko “ya ɗan jima.” A hira wannan ta wadatar, amma a fom ɗin gwaji ba ta da amfani. Ku taimaka da abin da za a iya ƙirgawa. Ranar Juma'a ne bayan an sauko masallaci? Ranar kasuwar garinku ce? Kwana biyu kafin sunan gidan wane? Uwa takan riƙe wannan fiye da kowa idan yaro ne, don haka a bar ta ta yi magana. Kuma ranar da jiki ya fara zafi ake nufi, ba ranar da ido ya canza launi ba, ba kuma ranar da aka zo asibiti ba.

Yadda ake ɗibar jinin

Ma'aikacin zai wanke hannu ya sa safar hannu, ya ɗaure damtse da roba, ya goge gwiwar hannu ta ciki da auduga da sifirit, ya bari wurin ya bushe, sannan ya sa sabuwar allura da aka ɓare daga ledarta a gabanku. Abin da ake ɗiba daga babban mutum kamar mililita 5 ne, wato cikin cokalin shayi ɗaya. Na yara bai kai haka ba, na jarirai ya fi ƙanƙanta. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5, ke nan abin da aka ɗiba kashi ɗaya ne cikin dubu. Ba ya sa ƙarancin jini, ba ya rage ƙarfi, ba a kuma buƙatar lemon kwalba da madara don mayar da shi. Ba sai mutum ya zo da yunwa ba, abinci ba ya ɓata wannan gwajin.

Ya kamata a faɗi wannan ƙarara, domin akwai masu tsoron cewa ana tara jinin ne a sayar, ko a yi wani abu da shi. Cokali ɗaya na jinin mai zazzaɓi ba ya ƙaruwa ga kowa, ba shi da kasuwa. Duk da haka, haƙƙinku ne ku tambaya: me za a gwada, ina za a kai, yaushe za mu ji? Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Launin murfin kwalbar yana da ma'ana. Mai jan murfi, ko mai ruwan zinariya, ita ce ake bari jini ya daskare a cikinta don a sami ruwan jini, wato ruwan nan mai launin ɗorawa da ke tasowa sama, wanda shi aka fi so a yawancin gwaje-gwajen nan. Mai murfi shunayya tana da sinadarin hana daskarewa, ana amfani da ita a PCR idan ɗakin gwajin ya nemi haka. Mai koren murfi tana da wani sinadari mai suna hefarin wanda ke hana PCR aiki, don haka ba a sa jinin wannan gwaji a cikinta.

Bayan ɗiba, akan ajiye kwalbar a tsaye na minti 30 zuwa awa ɗaya har jinin ya yi guda. Sai a sa ta a na'urar wulwulawa kamar minti goma, gudan ya kwanta ƙasa, ruwan ya tashi sama, a tsame shi a hankali zuwa wata 'yar kwalba mai murfin murɗawa. A asibitin ƙauye da babu na'urar, ana iya barin kwalbar a tsaye cikin firji har gudan ya janye da kansa, muddin ba a wuce kwana ɗaya ba. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne jefa jinin da ba a tace ba cikin firiza. Ƙanƙara tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ruwan ya rine ya yi ja, irin wannan kuwa yakan rikita gwaji, sau da yawa ma a ƙi karɓarsa. Girgiza kwalba da ƙarfi, ko matsa jini ta siririyar allura zuwa cikinta, su ma suna jawo wannan ɓarna.

Akwai wani gargaɗi na musamman. Idan mara lafiya yana zubar da jini ta hanci, dasashi, amai ko bayan gida, ba a san ko shawara ce, ko denge mai tsanani, ko zazzaɓin Lassa ba. Lassa ɓera ne ke kawo ta ba sauro ba, amma tana kama mai jinya da ma'aikaci ta jini. A irin wannan hali ba a buɗe kwalbar a tace a ƙaramin asibiti. Ana rufe ta yadda take, a kira jami'an da aka horar, su ɗauka da cikakken kayan kariya.

Ba jini kaɗai ba

Wasu daga cikin cututtukan nan suna ɓuya a wasu ruwayen jiki. Zazzaɓin Yammacin Nilu, wanda aka fara ganowa a Yuganda a 1937, yakan haura zuwa ƙwaƙwalwa ga wasu ƙalilan, ya kawo sanƙarewar wuya, ruɗewa, farfaɗiya ko shanyewar gaɓa. A nan likita zai nemi ruwan laka, wanda ake ɗiba ta ƙasan baya kamar yadda ake yi wa mai sanƙarau. Mililita ɗaya ya isa wannan gwajin. Dalilin nemansa shi ne IgM ba ya ratsawa da sauƙi daga jini zuwa ruwan laka, don haka in an gan shi a can, alama ce mai ƙarfi cewa cutar ta shiga ƙwaƙwalwa. Iyaye da yawa suna ƙin yarda saboda tsoron gurguncewa. Allurar tana shiga ne a ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma likita ne ko ƙwararren da aka horar ke yi. Akan haɗa ruwan lakar da jini a aika tare.

Fitsari yana da amfani a gwajin Zika, domin bairos ɗin yakan daɗe a cikinsa fiye da jini, har zuwa mako biyu. Ana karɓarsa a sabuwar roba mai murfi da asibiti ya bayar, ba a kwalbar magani ko robar ruwa da aka ɗauraye a gida ba. Zika tana iya zama a maniyyi na watanni, shi ya sa take wucewa tsakanin miji da mata. Kuma saboda tana iya sa a haifi jariri da ƙaramin kai, kamar yadda aka gani a Burazil a 2015 da 2016, a wasu lokuta akan gwada ruwan faya, ko mabiyiya bayan haihuwa, ko jinin jaririn da fitsarinsa.

Idan Allah ya yi wa mutum rasuwa kafin a ɗebi jininsa, ana iya tabbatar da zazzaɓin shawara daga ɗan ƙaramin yanki na hanta, da izinin iyalinsa. Wannan ba a yi wa mai rai, domin jinin mai shawara ba ya tsayawa da wuri. Magana ce mai nauyi a wurin mutanen da ke gaggauta sutura, kuma iyali ne ke da ikon amincewa ko ƙi. Abin da ya kamata su sani kawai shi ne, sanin abin da ya yi ajalin mutum ɗaya yana iya zama sanadin tsirar sauran gidan.

Sanyi shi ne ransa

Ƙwayar halittar waɗannan bairos ba ta jure zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano, Sakkwato ko Maraɗi ke haura digiri 40, kwalbar da aka bari a aljihu ko a but ɗin mota na 'yan awoyi tana iya isa ɗakin gwaji babu abin da PCR zai kama. Mummunan abin shi ne kwalbar ba ta canza kama. Za a gwada, a ce babu cuta, kowa ya saki jiki.

Ƙa'idar ita ce, ruwan jinin da zai isa ɗakin gwaji cikin kwana biyu zuwa uku a riƙe shi a sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In zai wuce haka, a daskarar da shi a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. In ajiya ce ta dogon lokaci, ko ana son a raya bairos ɗin a ɗakin gwaji don nazari, sai firiza ta musamman mai digiri 70 ƙasa da sifili. Makaman garkuwa sun fi bairos juriya, suna iya yin mako a firji, amma tun da kwalba ɗaya ce takan yi aiki biyu, da ƙa'idar bairos ake tafiya.

Abin da ya fi zafi ɓarna a wurarenmu shi ne daskarewa da narkewa. A kawo wuta firiza ta yi ƙanƙara, a ɗauke ta narke, da daddare a sake kawowa. Kowane zagaye yana rage abin da ke cikin kwalbar. Saboda haka asibitin da wutarsa ba ta da tabbas, gara ya riƙe samfurin a firji mai aiki da hasken rana ko a akwatin sanyi da ƙanƙara, ya aika shi da wuri, da ya dogara da firizar da ba ta da amana. Kuma ba a ajiye jinin mara lafiya tare da alluran rigakafi, balle abinci ko ruwan sha.

Rufi uku

Dokar duniya ta jigilar irin waɗannan kaya ta ginu ne a kan rufi uku. Na farko shi ne kwalbar kanta, a murɗa murfinta sosai, a rubuta sunan mai ita da lambarsa da ranar ɗiba da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. A naɗe ta da auduga ko takarda mai shan ruwa, wadda za ta iya shanye duk abin da ke ciki in ta fashe. Na biyu wata roba ce mai murfi ko leda mai zif wadda ba ta yoyo. In kwalabe da yawa ne, a naɗe kowace daban don kada su goga juna. Na uku shi ne akwati mai ƙarfi, a wurinmu yawanci akwatin sanyi irin na masu allurar rigakafi, wanda aka keɓe don wannan aiki kaɗai, da robobin ƙanƙara a gefe-gefe. Ruwan jinin da aka tace ba ya tsoron ƙanƙarar, amma jinin da ba a tace ba dole a sa kwali ko soso tsakaninsa da ita.

A bayan akwatin ana manna alama mai kusurwa huɗu da lamba UN3373, wadda ke nuna cewa samfurin jikin ɗan Adam ne da ake zargin yana ɗauke da cuta. Mafi haɗari, irin jinin wanda ake zargi da Lassa ko Ebola, ko bairos ɗin shawara da aka raya a ɗakin gwaji, yana tafiya da lamba UN2814, da akwati na musamman, kuma wanda ya sami horo ne kaɗai ke haɗa shi. Idan tafiyar ta jirgin sama ce kuma ana son kayan su isa a daskare, ana amfani da busasshiyar ƙanƙara, mai sanyin kusan digiri 78 ƙasa da sifili. Ita ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa, don haka ba a toshe akwatinta ruf, in ba haka ba ya fashe, ba a kuma taɓa ta da hannu tsirara.

Duk wannan tsari don mutane biyu aka yi shi: mara lafiyar da ke jiran amsa, da ɗan acaɓa ko direban da ke ɗauke da akwatin bai san abin da ke ciki ba. Bai dace a miƙa wa ɗan uwan mara lafiya sirinji cike da jini a leda a ce ya kai birni ba. In aka yi muku haka, ku nemi a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, domin kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya tana da shi, kuma wannan aikinsa ne. Mai aikawa kuma ya kira ɗakin gwajin kafin kaya su tashi, ya kauce wa aikawa a jajibirin hutu, don kada akwati ya kwana biyu a bakin ƙofa ƙanƙara na narkewa.

Takardar da ke raka kwalba

Fom ɗin bincike yana tafiya cikin ledarsa daban, tsakanin rufi na biyu da na uku, don kada ya jiƙe ko ya ɓaci da jini. Sunan da ke jikinsa dole ya zama daidai da na jikin kwalba. A garin da ake da Muhammadu Sani goma a unguwa ɗaya, suna kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da shekaru, unguwa, sunan maigida da lambar da aka ba mara lafiyar.

Bayan ranar fara ciwo, tambayoyi uku ne ke da muhimmanci. Ta farko: ina mutumin ya je cikin mako biyun da suka wuce? Ɓarkewar shawara ta 2019 a Alƙaleri an fara gano bakin zarenta ne daga wani mara lafiya da aka gani a Kano a ƙarshen watan Agusta, wanda ya ziyarci gandun dajin Yankari. Wannan bayanin ne ya nuna wa jami'ai inda za su dosa. Ta biyu: an taɓa yi masa allurar rigakafin shawara, kuma yaushe? Allurar tana sa jiki ya ƙera IgM iri ɗaya da na cutar, wanda kan zauna shekaru a jinin wasu. In ba a sani ba, sai a ɗauki mai rigakafi a matsayin mai cuta. Katin rigakafin yaro, ko katin nan mai ruwan ɗorawa na matafiya, ku zo da shi. Ta uku: mace tana da juna biyu? Kunya ba ta da wuri a nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Makiyayi ko mahauci kuma ya faɗa in dabbobinsa suna ɓari ko mutuwa, ko ya yanka dabba marar lafiya.

Ina ake kai shi, kuma me ya sa ake jira?

A Nijeriya Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ce ke jagorantar wannan aiki, da babban ɗakin gwaje-gwajenta na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja, da wani a Yaba ta Legas, da wasu da ke cikin jerin masu gwajin shawara, ciki har da na Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Kaduna. Shekaru da dama, duk abin da aka gani a gida sai an aika Cibiyar Pasteur ta Dakar a Sanagal ta tabbatar. Can aka tabbatar da dawowar zazzaɓin shawara a watan Satumban 2017, daga jinin wata yarinya a ƙaramar hukumar Ifelodun ta jihar Kwara, can kuma aka tabbatar da zazzaɓin Kwarin Rift na Tawa a 2016. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ɗakin gwajin Abuja a fannin shawara, abin da ya rage dogon jira. Nijar tana da cibiyar CERMES a Yamai, Gana tana da Cibiyar Noguchi a Akara, Kamaru tana da Cibiyar Pasteur a Yawunde.

Wani lokaci za a ce muku sakamakon farko ya nuna alama amma ana jiran tabbaci. Dalili shi ne shawara, denge, Zika da Yammacin Nilu 'yan gida ɗaya ne, makaman da jiki ya ƙera don ɗaya sukan amsa wa gwajin ɗan uwansa. Raba su yana buƙatar wani gwaji mai suna PRNT, inda ake haɗa ruwan jinin da bairos mai rai a ga wanne ya fi kashewa. Yana cin kwanaki, kuma ɗakunan gwaji kaɗan ne ke da tsaron da za su yi shi. Ku kuma sani cewa samun maleriya a gwajin gaggawa bai kore sauran ba. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar biyu a lokaci guda.

Jiran sakamako ba ya nufin jiran jinya. Babu maganin da ke kashe waɗannan bairos kai tsaye, abin da ke ceton rai shi ne kulawar asibiti, ruwa isasshe da sa ido. Farasitamol ake sha don zazzaɓin, bisa ƙa'ida. A guji asfirin da ibufurofen da danginsu, domin suna ƙara zubar jini. Mara lafiyar ya kwanta cikin gidan sauro har da rana a makon farko, saboda sauron da ke yaɗa shawara da denge, mai ratsin baƙi da fari, da rana yake cizo, kuma a randa, tulu, tsofaffin tayoyi da gwangwanaye yake ƙyanƙyasa.

Amfanin ya wuce mutum ɗaya

A 1927, a ƙasar da ake kira Gana yau, masu bincike suka ɗebi jinin wani saurayi mai suna Asibi da ke fama da zazzaɓi. Daga jinin nan aka fara keɓe bairos ɗin shawara, kuma daga shi Max Theiler da abokan aikinsa suka samar da allurar rigakafin da ake kira 17D bayan shekara goma. Ita ce har yau ake yi wa yaranmu a wata tara, wadda sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Aikin bai zo da araha ba. Adrian Stokes, ɗaya daga cikin masu binciken, cutar ta kashe shi a Legas a shekarar, Hideyo Noguchi kuma a Akara a 1928. Ƙa'idojin safar hannu da rufi uku da ake nacewa a kansu yau an koye su ne daga irin wannan rashi.

A tsarin lafiya, mutum ɗaya da aka tabbatar yana da zazzaɓin shawara a cikin jama'ar da ba su da rigakafi ya isa a ɗauke shi a matsayin ɓarkewar annoba. Sakamakonsa ne ke sa a turo jami'ai su bincika unguwa, a kawo allura, a yaƙi sauro. In kwalbar ta lalace a hanya, ko ranar da aka rubuta ba daidai ba ce, garin zai ci gaba da jinyar shawara da maganin maleriya har sai gawa ta yi yawa.

Saboda haka, duk wanda zazzaɓi ya kama sannan idonsa ya yi ɗorawa cikin mako biyu, ko zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya, ko ya zo da zubar jini, ƙuraje ko ciwon gaɓoɓi mai tsanani, a kai shi asibiti tun a kwanakin farko. Ku riƙe ranar da ya fara, ku ɗauki katin rigakafi, ku faɗi inda aka je, ku yarda a ɗebi jinin, ku koma ranar da aka ce a ɗebi na biyu ko da an warke. In kun ga mutane da yawa a unguwa ɗaya da ciwo iri ɗaya, ku sanar da asibiti mafi kusa ko mai unguwa, a Nijeriya kuma ana iya kiran layin NCDC na kyauta, 6232.